Kembabazi Ta Ƙetare Tafki

Tun da aka sallamo Kembabazi daga asibiti, ba abin da take ƙi, ba kuma abin da take so. In an ce ta ci, ta ci. In an ce ta fito ta sha iska, ta fito ta zauna a bakin ƙofa har sai an tuna da ita an ce ta shigo. Saboda haka da mijinta Niwagaba ya ce ya karɓi hutu a wurin aiki, su tafi gida Kabale, to kawai ta ce, ta tashi ta zuba kaya a jaka.

Wajen wata biyu ke nan da aka yi mata aiki aka ciro 'yar da ke cikinta. Ba ta gan ta ba. Tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, jaririyar ta ɗan yi numfashi ta daina. Kafin Kembabazi ta dawo hayyacinta sosai, Niwagaba ya riga ya ɗauki gawar a motar wani abokinsa ya kai ta gidan mahaifiyarsa, can ƙetaren tafkin Bunyonyi, an binne ta a ƙasar kakanninta kamar yadda aka saba. Bayan haka ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, ta ƙara makonni a gadon asibiti. Da ta koma ɗakinsu a Kampala ta tarar maƙwabta sun kwashe duk kayan jaririn da ta ɗinka, sun lulluɓe kekenta na ɗinki da zane. Ba ta tambayi inda suka kai kayan ba.

A Kabale suka sauka gidan yayar Niwagaba, Tukamushaba, mai sarin dankalin turawa a kasuwa, mace mai jiki da murya. Da gari ya waye Kembabazi ta shirya, a zatonta kai tsaye za su wuce gidan surukarta. Sai ta ji Niwagaba yana cewa, yana ɗaura igiyar takalmi bai ɗago ba:

"Bari mu ɗan fara zagayawa tukuna. Shekarunmu nawa da aure, ba ki taɓa ganin tafkin nan yadda ya kamata ba. Kullum a guje muke zuwa, ko biki ko rasuwa."

Ya ji kalmar rasuwa ta fito daga bakinsa, ya ƙara sunkuyawa kan takalmin. Tukamushaba ta yi maza ta cike gurbin.

"Ji min yaro. Kai da ka yi kiwon awaki a tsaunukan nan ba ko wando, yau kai ne mai yawon buɗe ido? Matarmu, ɗauko rigar sanyi. Can sama ba irin Kampalarku ba ce."

Suka hau babura uku. Hanyar ta yi ta nannaɗe jikin tsauni, kowane rami ɗan acaɓan ya faɗa sai Kembabazi ta ji shi a ƙasan cikinta, wurin ɗinkin. Ta dafe wurin da hannu ɗaya. A ƙololuwa suka sauka, inda aka kafa ɗan dakali na katako saboda masu zuwa kallo.

Tafkin na kwance a ƙasa tsakanin tsaunuka, ya shiga nan ya fita can, tsibirai birjik a kansa. Gajimare bai gama tashi daga kwarin ba. Gonakin dawa da dankali sun hau jikin tsaunukan hawa-hawa har inda ido ya ƙure. Wasu 'yan mata daga jami'a suna ta ɗaukar junansu hoto suna dariya.

"Kin gani?" in ji Niwagaba. "Ba kyau?"

"Da kyau," in ji ta.

Ta san da kyau ɗin, yadda mutum ya san ranar Juma'a ce. Abin dai bai shiga ko'ina a jikinta ba. Ta lura takalmin ɗaya daga cikin 'yan matan ya tsinke ta baya, ta tsaya tana tunanin da wace irin allura za a kama shi. Niwagaba ya miƙa wa yayarsa waya ta ɗauke su. Ya sa hannu a kafaɗar Kembabazi.

"Ku yi murmushi mana," in ji Tukamushaba. "Kamar an tsayar da ku gaban alƙali."

Kembabazi ta buɗe haƙora. Aka ɗauka.

Daga nan suka gangara bakin ruwa, Niwagaba ya kai su wani gidan abinci mai rumfa a kan tafkin, ya sa aka kawo jatan lande da soyayyen dankali. Tukamushaba ta duba kwanon ta taɓe baki.

"Wannan ƙwaron da muke jifan juna da shi muna yara, shi ne yanzu ake ci da cokali mai yatsu? Ku ba ni wake da tuwo in san na ci abinci."

Duk da haka ita ta cinye rabi. Kembabazi ta tauna nata ɗaya bayan ɗaya har kwanon ya ƙare. Ta lura duk lomar da ta kai baki sai sun bi ta da ido su biyun, irin kallon da ake yi wa madara a kan wuta.

Mai jirgin da Niwagaba ya ɗauka abokin karatunsa ne na firamare, Rwabwoni, dogo mai giɓi, wanda ya daɗe yana yawo da baƙi har bakinsa ya saba zuba ko ba a tambaye shi ba. Ya tada inji suka shiga tsakiyar ruwa. Ya nuna musu tsibirin da aka yi asibitin kutare a zamanin da, inda yanzu yara ke zuwa makaranta a kwale-kwale. Ya kashe inji kusa da wani ciyayi don su ga gauraka biyu suna kiwo. Ya ce in sun yi sa'a za su ga karen ruwa, ba su yi ba. Sannan ya karkata wajen wani ɗan mitsitsin tsibiri, ciyawa ce kawai da busasshiyar bishiya.

"Wannan kuwa, nan ne kakanninmu ke kawo yarinyar da ta yi ciki ba aure, a ajiye ta ita da abin da ke cikinta, a juya. Ba abinci, ba kwale-kwale. In an dawo bayan—"

"Rwabwoni," in ji Tukamushaba, "bakin nan naka ba ya hutu ne? Tun kana yaro malamai ke dukan ka a kansa."

Ya dube ta, ya dubi Niwagaba wanda ya sunkuyar da kai, sai ya tuna. Ya kama gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

"Ki yi haƙuri, matar abokina. Na ji labari. Allah ya ba da dangana."

"Amin," in ji Kembabazi. Ta ci gaba da kallon tsibirin. Ta jira ta ji wani abu game da 'yan matan nan, tausayi ko tsoro, ba abin da ya zo. "Bishiyar ta daɗe da bushewa?" ta tambaya.

"Ta kwana biyu," in ji Rwabwoni, ya tada inji.

Ta san tudun gidan surukarta: akwai coci mai jan rufi a samansa, da layin bishiyoyin turare da ya gangaro har bakin ruwa. Jirgin ya wuce shi daga nesa. Suka zagaya wani tsibiri suka dawo, ya sake wuce shi. Niwagaba ya juya wa tudun baya yana nuna mata wani otal da ake ginawa a ɗaya gefen.

"Yaushe za mu tsallaka?" ta ce.

"Akwai sauran wurare. Ban kai ki wajen maƙera ba, suna nan bayan Rutinda, inda muka hau jirgi. Kuma rana ta yi. Gobe da safe sai mu je a natse."

"Mama ta san mun zo?"

"Na ce mata muna hanya."

Rwabwoni ya ce mai ya yi ƙasa, sai sun koma Rutinda ya ƙara.

Ranar kasuwa ce. Bakin ruwan ya cika da kwale-kwale, an jera su kamar itacen girki, ana ta sauke kabeji da gawayi ana loda gishiri da kwanon rufi. Niwagaba ya bi Rwabwoni neman mai. Tukamushaba ta ci karo da wata abokiyar cinikinta suka tsaya musu a kan dankali. Kembabazi ta tsaya ita kaɗai. Sai ta ji wani dattijo a cikin babban kwale-kwale yana kiran sunan ƙauyen surukarta, yana cewa saura wuri. Ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta tattare zanenta, ta taka laka, ta shiga ta zauna a kan wani buhu.

Bayanta wata mata ta zo, da jariri a hannu, da jarka, da kaza ɗaure a hammata.

"'Yar'uwa, riƙe min shi in shigo da kayan nan."

Kafin Kembabazi ta ce komai an ɗora mata shi a cinya.

Daidai lokacin Tukamushaba ta hango ta. Ta ƙwala wa ƙaninta kira, suka zo suna haki. Niwagaba ya tsaya ƙafa ɗaya a ruwa yana kallon abin da ke hannun matarsa.

"Kem, fito. Ga jirginmu can."

"Wannan ma can za shi."

"Ko ku shigo ko ku matsa," in ji dattijon. "Ba ku kaɗai Allah ya halitta ba."

Tukamushaba ta ture ƙaninta ciki ta biyo shi, kwale-kwalen ya yi tangal-tangal, mutane suka yi ta mita.

"Hajjaju, ke kaɗai buhu uku ce," wani ya ce daga baya.

"Uwarka ma buhu huɗu ce, kuma ruwa bai ci ta ba," in ji Tukamushaba, ta gyara zama.

Aka yi dariya, aka tura. Uwar jaririn ta sami wuri a gaban Kembabazi, amma kaza na kan cinyarta, jarka na tsakanin ƙafafunta, aka kuma miƙa mata filafili ta taya tuƙi. Ta waiwayo.

"Bai dame ki ba ko? In ya yi kuka ki miƙo shi."

"Bai dame ni ba."

Yaron zai yi wata huɗu. Yana warin hayaƙi da nono, kansa da zafi cikin hular ulu. Nauyinsa ya sauka daidai kan ɗinkin. Can ya juyo da fuska yana laluben ƙirjinta da baki. Nata nonon ya riga ya ƙafe tun a asibiti, bayan ya yi ta zuba ba mai sha. Ta sa masa ɗan yatsa ya kama yana tsotsa. Ta dube shi sosai, hanci, gira, ƙurajen zafi a wuya. Ɗan mutane ne, mai nauyi. Hannunta ya fara sagewa.

"Kin iya riƙo," in ji matar, tana tuƙi. "Naki nawa?"

Tukamushaba ta yi gyaran murya za ta shiga, Kembabazi ta riga ta.

"Ɗaya. Mace."

"Kin baro ta gida?"

"Tana can ƙetare, wajen kakarta."

"Kin ji daɗinki. Ni tawa surukar ko minti ɗaya ba ta riƙe min. Ai sai ki same ta ta yi ɓul-ɓul, kakanni akwai ɗura."

Niwagaba ya juya fuskarsa ga ruwa, bai sake juyowa ba har suka isa.

A bakin gaɓa matar ta sauke kayanta ta miƙo hannu. Kembabazi ta ba ta ɗanta. Inda ya kwanta a jikinta ya jiƙe da gumi, iska ta bugi wurin ta ji sanyi. Matar ta yi godiya ta goya shi ta kama wata hanya.

Hawan tudun ya ba ta wuya. Tana tafiya tana tsayawa, Tukamushaba na riƙe da gwiwar hannunta, ta daina surutu. Niwagaba na can baya, kamar shi ne aka yi wa aikin.

Surukarta na tsakar gida tana shanya dawa a tabarma. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta ɗaura bargo a kafaɗa. Ta ɗago ta gan su, ba ta yi mamaki ba. Ta karkaɗe hannu ta zo ta rungume Kembabazi ta daɗe.

"'Yata, kin zo. Kin rame. Ku zauna a kawo kunun bushera."

"Mama, ina take?"

Tsohuwar ta dubi ɗanta, sannan ta kama hannun Kembabazi ta bi da ita ta bayan ɗaki, cikin ayaba. Kabarin mahaifin Niwagaba na nan da simintinsa. Kusa da shi ga wani ɗan tudun ƙasa, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, an zagaye shi da duwatsu, an share ko'ina tas. An kafa ɗan gicciye na katako, an rubuta da farin fenti: Ahumuza.

Kembabazi ta karanta. Ta sake karantawa.

"Wace ce Ahumuza?"

Ta ji takun Niwagaba ya tsaya a bayanta.

"Malamin coci ne ya ce ba zai yi addu'a ba suna ba," in ji shi. "Ya tambaye ni, mutane na tsaye. Ke kina can ban san ko za ki tashi ba. Sunayen da muka zaɓa duk suka ɓace min. Shi ne ya zo bakina."

"Ba ka faɗa min ba."

"Na yi ta cewa gobe."

Ya durƙusa a gefen duwatsun. Muryarsa ta canja.

"A kan cinyata na ƙetaro da ita. Cikin kwali aka ba ni ita, Kem, sai a Kabale Yaya ta samo akwati. Irin kwale-kwalen nan, irin wurin da kika zauna. Ba nauyi. Ina ta dubawa ko tana ciki. Tun jiya nake neman yadda zan sake shiga ruwan nan in nufo gida, na kasa."

Sai kuka ya ƙwace masa, irin na namijin da bai saba ba, kamar tari. Tukamushaba ta ja gefen zanenta ta rufe fuska ta koma tsakar gida.

Kembabazi ta tsaya tana kallon ƙeyar mijinta. Ta ga furfura biyu-uku da ba ta san da su ba. Duk tsawon watannin nan shi ke dafa abinci, shi ke wanke mata ciwo, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai abin da ya gani wanda ita ba ta gani ba. Ta nemi hawaye a idonta, babu. Ta durƙusa a hankali saboda ɗinkin, ta ɗora hannu a bayansa, don ta san haka ake yi. Bayan nasa na rawa. Ta bar hannun a wurin har ya lafa.

Da ya tashi ya tafi wanke fuska, tsohuwar ta zauna a kan simintin kabarin mijinta, ta ja Kembabazi ta zauna kusa da ita.

"Ni na yi mata wanka," in ji ta. "Ko kina son ki ji?"

"Ina so."

"Doguwa ce. Da ta girma da ta fi ki tsawo. Gashi cike da kai, baƙi wuluk, har ya sauko goshi. Kunnuwan namu ne, ba yadda za a yi, duk gidan nan haka muke kamar tulu mai hannu biyu. Amma baki da haɓa naki ne. Yatsun ma naki, sirara. Na ce wannan da ɗinki za ta yi. Na naɗe ta a farin zanen da na je ɗaurin aurenku da shi."

Kembabazi ta dubi yatsunta. Ta juya su.

"Idonta fa?"

"A rufe suke, 'yata. Ban buɗe ba."

Ta tsakanin ganyen ayaba ana hango tafkin a ƙasa, rana ta karkata, kwale-kwalen 'yan kasuwa na ta watsewa kowa ya nufi tudunsa.

"Ahumuza," in ji Kembabazi, a hankali, tana gwada shi a baki. Ya yi mata kamar sunan 'yar maƙwabta.

"Za ki saba," in ji tsohuwar. "Ni biyu na binne kafin Tukamushaba. Na farkon sai da aka yi shuka aka girbe kafin in yi kukansa, ina tsakiyar tankaɗe. Mutane har sun fara cewa ba ni da zuciya. Kada ki bari kowa ya sa ki gaggawa."

Tukamushaba ta leƙo ta ce in za su koma Kabale yau sai su tashi, kwale-kwalen ƙarshe ba ya jira, ita kuma tana da motar dankali da asuba.

"Ku je," in ji Kembabazi. "Ni zan kwana biyu a nan."

"Kayanki na gidana fa."

"A aiko min."

Niwagaba ya ce shi ma ba inda za shi. Yayarsa ta tafi ita kaɗai, tana gangarawa tana faɗa da duwatsun hanya.

Hutunsa ya ƙare ya koma Kampala, Kembabazi ta zauna har aka gama girbin dawa. Ba ta iya aikin gona ba tukuna, sai aka bar mata ɓarar wake da korar kaji daga shanya. Da safe takan zagaya bayan ɗaki ta tsince busasshen ganyen da ya faɗo a kan tudun, ta ɗan tsaya, ta dawo. Ba ta yi kuka ba a wannan zuwan. Matan ƙauyen suka gane tela ce, suka fara kawo mata rigunan yara masu yagewa, tana kama musu da allura a bakin ƙofa, surukarta na gefe tana ba ta labarin wanda ya auri wa.